Gasar da ake ba na ƙarshe tukwici

Ranar Lahadi 20 ga Disamban 2020, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta New York Jets ta je Los Angeles ta doke Rams da maki 23 da 20. Kafin wannan rana wasa 13 ta buga a kakar, duka 13 ɗin kuma kashi ta sha. 'Yan wasan sun yi ta rungumar juna a fili, don sun tsira daga shiga tarihi a matsayin ƙungiyar da ta gama kaka ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Amma a can gida da yawa daga cikin magoya bayansu ba su yi murna ba. Shafukan sada zumunta da shirye-shiryen wasanni na rediyo suka cika da ƙorafi, domin wannan nasara ta raba su da Trevor Lawrence, matashin jami'ar Clemson da kowa ya yarda shi za a fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara mai zuwa. Ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ita ke fara zaɓa, kuma daga ranar Jacksonville Jaguars ta karɓe wa Jets wannan matsayi.

Ni ban ga laifin waɗannan magoya baya ba. Lissafin da suka yi daidai ne bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa musu. Abin da nake ganin laifinsa shi ne ƙa'idar kanta, wadda ke sa mutum ya biya kuɗin tikiti, ya sa rigar ƙungiyarsa, ya zauna cikin sanyin Disamba, zuciyarsa kuma tana fatan a doke yaran da ya zo kallo. Na daɗe ina bibiyar ƙwallon Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga da ake bugawa da hular kwano da sulke, ina kuma son sa ƙwarai. Saboda son da nake masa ne wannan abu ke damuna. Ra'ayina shi ne tsarin zaɓen 'yan wasa na gasar NFL, a yadda yake yanzu, ya fi yi wa masu ƙungiyoyi hidima fiye da magoya baya, kuma matasan da ake zaɓa su ne ke ɗaukar nauyin gazawar da ba su suka jawo ba.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai, abin yana buƙatar ɗan bayani. NFL tana da ƙungiyoyi 32, ba a faɗuwa daga cikinta, ba a kuma hawowa daga ƙasa. Ƙungiyoyin ba su da makarantun rainon yara irin na Barcelona ko Ajax. Jami'o'i ne ke rainon 'yan wasa, kuma sai yaro ya cika shekara 3 da gama sakandare kafin a iya ɗaukarsa. A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara ake zama na kwana 3 a raba waɗannan matasa, zagaye 7, mutum 250 da ɗoriya. Wadda ta ƙare a ƙarshen teburi ita ke fara zaɓa a kowane zagaye, wadda ta ɗauki kofin Super Bowl kuma ita ce ta ƙarshe. Abin da aka fi rububi shi ne kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanta yadda abokan hamayya suka tsaya, ya jefa ta ga wanda ya ga dama. Babu wani matsayi a ƙwallon ƙafa da ya kai nasa nauyi. Ƙungiyar da ba ta da nagartaccen kwatabak da wuya ta je ko'ina, komai kyan sauran 'yan wasanta.

Niyyar da aka kafa tsarin a kanta mai kyau ce, wannan ba na musu. Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, shi ya kawo shawarar a 1935, bayan ya gaji da ganin masu kuɗi irin Chicago Bears da New York Giants suna kwashe duk wani ɗan wasa mai hazaƙa. Aka yi zaɓen farko a watan Fabrairun 1936 a wani otal a Philadelphia, ƙungiyoyi 9 suka raba matasa 81. Wanda aka fara ɗauka, Jay Berwanger na jami'ar Chicago, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba, ba su daidaita kan albashi ba ya kama kasuwancinsa. Duk da haka tsarin ya zauna, kuma tare da raba kuɗin talabijin daidai wa daida da ƙayyade jimillar albashi da aka fara a 1994, ya sa ƙaramin gari kamar Green Bay, mai mutum dubu ɗari da 'yan kai, yana iya ja da New York. Wanda ya ga yadda ƙungiyoyi biyu ko uku ke juya kofi a tsakaninsu shekara da shekaru a Sifaniya ko Jamus ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ita ce abin da tsarin ya koma a zuciyar mai goyon bayan ƙungiyar da ke fama. Tun cikin Nuwamba, da zarar ya ga babu sauran hanyar shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, sai ya juya teburin ya fara karanta shi daga ƙasa. Asabar ta fi masa Lahadi daɗi, domin Asabar ce ranar wasannin jami'o'i, yana kallon yaran Alabama da Ohio State da Georgia yana tunanin wanda zai zo ya cece su. A ƙarshen Fabrairu a tara matasan a Indianapolis a gwada su: gudun yadi 40, tsalle, ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, har faɗin tafin hannu ana aunawa, kuma akwai masu zama su yi gardama ta sa'o'i kan ko hannun wani yaro ya isa riƙe ƙwallo a ranar ruwa. Masu sharhi irin Mel Kiper, wanda yake wannan aiki a tashar ESPN tun 1984, su yi ta fitar da hasashen wanda kowace ƙungiya za ta ɗauka, su sauya shi bayan mako biyu, a sake sabuwar gardama. Wata biyar cur ana sayar wa mutum buri.

Daren zaɓen kansa abin kallo ne, kuma ba zan ɓoye cewa yana taɓa ni ba. Ana farawa da misalin ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya da Nijar. Shugaban gasar, Roger Goodell, ya fito kan dandamali jama'a su yi masa ihu, wanda ya zama al'ada, ya karanta suna daga 'yar takarda. Kyamara ta juya kan wani saurayi mai shekara 21 ko 22 cikin sabon kwat, wayar salula a kunne, kansa a sunkuye, kafaɗunsa na rawa. Mahaifiyarsa ta riƙe masa wuya da hannu biyu. A miƙa masa hular ƙungiyar, ya hau ya ɗaga riga mai lamba 1. Ga iyalai da yawa, musamman baƙaƙen fata daga ƙananan garuruwan kudancin Amurka, wannan kiran waya shi ne rabuwa da talauci. A 2024, da aka yi taron a Detroit, an ƙiyasta mutum fiye da 775,000 suka halarta cikin kwana 3, ba don kallon wasa ba, don jin ana kiran sunaye kawai.

To amma me ake samu bayan an kashe fitilu? Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2017, sun bi tarihin zaɓen shekaru masu yawa suka yi tambaya mai sauƙi: idan aka ɗauki ɗan wasa, sau nawa yake fin wanda aka ɗauka bayansa a matsayi iri ɗaya? Amsar da suka samu ita ce kashi 52 cikin ɗari. Duk aune-aune da faifan bidiyo da ma'aikatan da ke yawon jami'o'i, abin da suka ƙara kan canki-canka kashi biyu ne. Misalan kuwa kowa ya san su. Tom Brady, mai kofin Super Bowl 7, shi ne na 199 a zaɓen 2000. Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe ƙat, a 2022, kuma a kakarsa ta biyu ya kai San Francisco wasan ƙarshe. JaMarcus Russell, da Raiders ta fara ɗauka a 2007, kaka 3 ya yi aka sallame shi. Su ma magoya bayan ba su fi shugabannin gani ba: a 1999 'yan Philadelphia sun yi tattaki har New York suka yi wa Donovan McNabb ihu saboda wani suke so, shi ne kuma ya kai su Super Bowl a 2005.

Idan ana son ganin inda dogaro da zaɓe ke kai ƙungiya, a dubi Cleveland Browns. Mutanen Cleveland sun san ɗacin rashi, domin a 1995 mai ƙungiyar, Art Modell, ya sanar da cewa zai kwashe ta zuwa Baltimore, garin ya zauna kaka 3 babu ƙwallo. Da aka dawo musu da ita a 1999 suka fara zaɓa, suka ɗauki kwatabak Tim Couch. A 2000 suka sake fara zaɓa. A 2007 suka ɗauki Brady Quinn a zagayen farko, a 2012 Brandon Weeden, a 2014 Johnny Manziel, kowannensu an tarbe shi da cewa wahala ta ƙare. Har wata riga aka taɓa rataye wa a tagar wani ofishi a garin, ana liƙa sunan kowane sabon kwatabak a ƙarƙashin na wanda ya gabata, jerin ya yi ta sauka har ya wuce gindin rigar. Waɗanda suka fara wa ƙungiyar wasa a wannan matsayi tun 1999 sun haura 30. Sai shugabannin suka yanke shawarar rushe komai su tara damar zaɓe: 2016 suka ci wasa 1 suka sha kashi 15, 2017 suka sha kashi 16 babu nasara ko ɗaya. A Janairun 2018, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, dubban magoya baya suka yi jerin gwano suka zagaye filin wasan, zagayen da ya zana sifili.

Abin da aka saya da wannan wulakanci na shekara biyu shi ne Myles Garrett a 2017 da Baker Mayfield a 2018. Garrett ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan tsaron zamaninsa. Mayfield kuma, duk da sauya masa koci da aka yi ta yi, ya kai su wasannin sili-ɗaya-ƙwale, a Janairun 2021 suka doke Pittsburgh, nasara irinta ta farko tun kakar 1994. Shekara ɗaya bayan haka, da ya buga kaka guda da raunin kafaɗa wasansa ya ja baya, sai ƙungiyar ta juya masa baya. Ta ba Houston damarta ta zagayen farko ta shekara 3 a jere, ta kuma ba Deshaun Watson kwantiragin dala miliyan 230 da dole a biya shi duka, alhali mata fiye da 20 sun shigar da ƙara a kansa bisa zargin cin zarafi, har gasar ta dakatar da shi wasa 11. Mayfield ya ƙare a Tampa Bay, inda ya kai su saman rukuninsu a 2023 da 2024. Magoya bayan da aka ce su yi haƙuri su haɗiye asara 31 cikin wasa 32 don gobe ta yi kyau, hannun da ya jefa su a wancan hali shi ya sake watsar da abin da haƙurin ya haifa. Babu wani saurayi daga jami'a da zai gyara wannan, domin ciwon yana ofishin sama.

Wannan shi ne abin da mai jiran watan Afrilu ba ya son ji. Ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa yawanci ba mutum ɗaya ta rasa ba. Ƙattan nan biyar da ke tsayawa gaban kwatabak su kare shi ba su da ƙarfi, masu karɓar ƙwallo ba sa iya kuɓuce wa masu tsaro, koci yana jiran takardar sallama. Cikin wannan gida ake jefa yaron da ya fi kowa hazaƙa a ce ya fara daga makon farko. Manomin da ya san shanun huɗa ba ya ɗaura wa ɗan bijimi garma shi kaɗai a fako, yakan haɗa shi da tsohon sa har wuyansa ya yi ƙwari. David Carr, wanda Houston ta fara ɗauka a 2002, sau 76 aka kai shi ƙasa da ƙwallo a hannu a kakarsa ta farko, adadin da har yau babu wanda ya kai, kuma bai taɓa zama abin da aka zata ba. Patrick Mahomes kuwa na 10 aka ɗauke shi a 2017, kuma Kansas City da ta ɗauke shi ba ta cikin masu fama, sama ta hauro ta hanyar musaya da Buffalo. Ya zauna kusan kaka guda a benci yana koyo a bayan Alex Smith, ƙarƙashin gogaggen koci Andy Reid. Da ya fara wasa a 2018 aka zaɓe shi gwarzon shekara. Sam Darnold, da Jets ta ɗauka na 3 a 2018 ta kuma rabu da shi bayan kaka 3 ana cewa ba shi da amfani, ya ci wa Minnesota wasa 14 cikin 17 a 2024. Shi ma Lawrence ɗin da aka yi kuka a kansa, kakarsa ta farko wasa 3 Jaguars ta ci, aka kori koci Urban Meyer tun kaka ba ta ƙare ba, ƙungiyar ta sake zama ta ƙarshe ta sake fara zaɓa a 2022.

Labarin Andrew Luck ya fi kowanne tsaya mini a rai. A 2011 magoya bayan ƙungiyoyi da dama sun yi ta fatan faɗuwa a fili don su same shi, Indianapolis Colts ce ta dace bayan ta ci wasa 2 kacal. Ya cika alkawari, kaka 3 a jere yana cin wasa 11. Amma shekarun farko ba a gina masa katangar kirki ba, duka ya yi ta sauka a jikinsa. A 2015 ƙodarsa ta tsage, 2017 gaba ɗaya bai buga ba saboda kafaɗa. A Agustan 2019, yana da shekara 29, ya ce ya gaji da ciwo ya ajiye wasa. Labarin ya fita ana tsakiyar wasan share fage, kuma da zai bar fili wasu daga cikin magoya bayan da suka taɓa addu'ar samunsa suka bi shi da ihu. Wanda aka ɗauka a matsayin mai ceto ba a ganin sa a matsayin ɗan adam mai jiki da iyali.

Za a ce mini ai wani lokaci abin yana aiki, kuma gaskiya ne. Peyton Manning ya ɗaga Colts daga nasara 3 zuwa 13 a kakarsa ta biyu. Cincinnati ta ci wasa 2 a 2019, ta ɗauki Joe Burrow, a Fabrairun 2022 tana wasan ƙarshe, ko da yake shi ma sai da gwiwarsa ta tarwatse a kakar farko. Jayden Daniels ya kai Washington daga nasara 4 zuwa 12 a 2024. Amma a duba Washington ɗin da kyau. Kafin Daniels ya zo an sauya mai ƙungiyar, an sauya manaja, an sauya koci. A ƙarƙashin tsohon mai ita, Dan Snyder, an taɓa ba da damar zagayen farko har 3 don a ɗauki Robert Griffin a 2012, yaron ya haskaka kaka guda, aka bar shi yana wasa da gwiwa mai ciwo har ta ƙarasa lalacewa. Hazaƙa ta zo gidan sau biyu, abin da ya bambanta shi ne waɗanda ta tarar.

Snyder ɗin nan shi ne amsar tambayar wa ke cin riba. Ya sayi ƙungiyar dala miliyan 800 a 1999. Cikin shekara 24 wasan sili-ɗaya-ƙwale 2 kawai ta ci, filinta ya riƙa cika da magoya bayan baƙi, ga bincike kan yadda ake muzguna wa ma'aikata mata. A 2023 ya sayar da ita fiye da dala biliyan 6. Kwantiragin talabijin da gasar ta ƙulla a 2021 ya haura dala biliyan 100, kuma daga alkaluman da Green Bay ke wallafawa, kasancewarta mallakar jama'a, an san kason kowace ƙungiya a shekara ya wuce dala miliyan 400, ko ta ɗauki kofi ko ta zama ta ƙarshe. Mu da muka ga Kano Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022 mun san irin zafin da faɗuwa ke da shi, da yadda take tilasta wa shugabanni amsa tambaya. Mai ƙungiyar NFL ba ya fuskantar komai makamancin haka. Idan ya gaza, abin da ke jiransa shi ne damar fara zaɓa, da sabuwar fuskar da za a buga a allon talla, da sabuwar rigar da za a sayar, da dalilin roƙon magoya baya su ƙara masa shekara uku.

Daga nan zuwa faɗuwa da gangan tazarar kaɗan ce. A Fabrairun 2022 Brian Flores, tsohon kocin Miami Dolphins, ya shigar da ƙara yana zargin cewa mai ƙungiyar, Stephen Ross, ya yi masa tayin dala 100,000 kan kowane wasan da ya bari aka doke su a 2019. Ross ya musanta, binciken gasar kuma ya ce ƙungiyar ba ta faɗi da gangan ba. Amma a wace gasa ce irin wannan zargi zai ma yi ma'ana, in ba wadda faɗuwa ke da lada ba? A wasan ƙarshe na kakar 2020, Philadelphia tana bayan Washington da maki 3 kacal, aka cire Jalen Hurts aka sa ɗan benci na uku, suka sha kashi, suka tashi daga na 9 zuwa na 6 a layin zaɓe, a gaban idon ƙasar gaba ɗaya. 'Yan wasa ba sa yin wannan. Matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara 3 da 'yan kai ba, yawancin kwantiragi ana iya yanke shi a kowane lokaci, kowane wasa faifan bidiyo ne da zai nemi aikin gaba da shi. Mutum yana sa ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa a haɗari don ya ci wasa, na sama da shi da na kan kujerun kallo suna fatan akasin haka, kuma wanda suke fatan a ɗauko ɗin wataƙila gurbinsa zai gada.

A 8 ga Janairun 2023 Houston Texans ta je Indianapolis wasan ƙarshe na kaka. Da ta sha kashi, ita za ta fara zaɓa. Saura ƙasa da minti ɗaya, tana baya da maki 7, kwatabak Davis Mills ya cilla ƙwallo mai nisa a damarsu ta ƙarshe aka cafke ta a gidan ci. Kocin Houston, Lovie Smith, bai nemi ƙarin maki ɗayan da zai kawo kunnen doki ba, ya ce a je neman maki biyu, suka samu, aka tashi 32 da 31. A daren ranar aka sallame shi. An yi ta cewa ya cuci ƙungiyar. Matsayin farko ya koma hannun Chicago, watanni biyu bayan haka Carolina ta biya ta tsada ta karɓe shi, a Afrilu ta ɗauki Bryce Young, Houston ta ɗauki C.J. Stroud na biyu. A kakar da ta biyo Stroud ya zama gwarzon sabbin 'yan wasan hari, Houston ta ci wasa 10 ta ɗare saman rukuninta, Carolina kuwa wasa 2 ta ci. Ko da ba haka ta kasance ba, Smith ya yi abin da aka ɗauke shi aiki ya yi.

Akwai kuma shi kansa saurayin, wanda ba a tambayarsa. Likita ko injiniyan da ya fi kowa a ajinsa shi ke zaɓar inda zai yi aiki. A nan wanda ya fi kowa shi ake turawa gidan da ya fi lalacewa. Tun yarjejeniyar 2011 albashinsa ma a ƙayyade yake: Sam Bradford ya samu kwantiragin dala miliyan 78 a 2010, Cam Newton da ya biyo shi a matsayi ɗaya ya samu miliyan 22. Shekara 4 yake a ɗaure, ƙungiya na da ikon ƙara ta biyar. John Elway a 1983 da Eli Manning a 2004 sun ƙi zuwa inda aka zaɓe su, suka tilasta a yi musayarsu, aka yi ta kiransu masu girman kai. Kowannensu ya ɗauki kofi biyu a inda ya koma. Su biyun suna da abin dogaro, Elway yana da tayin wasan besbol, Manning ɗan gidan ƙwallo ne mai faɗa a ji. Yaron da danginsa gaba ɗaya ke jiran wannan kwantiragi ba shi da bakin cewa a'a.

Ba ina kiran a rushe zaɓen ba ne, kuma na san masu ƙungiyoyin da darajarsu ta kai biliyoyi ba za su taɓa yarda da faɗuwa ƙaramin rukuni ba. Wasu na cewa a kwaikwayi gasar kwando ta NBA, wadda ta koma jefa ƙuri'a a 1985 bayan zargin da aka yi wa Houston Rockets cewa ta saki wasanni don ta samu Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, a 1984. Ƙuri'ar ta rage abin amma ba ta kashe shi ba. Ko bayan an daidaita damar ƙungiyoyi ukun ƙarshe zuwa kashi 14 kowacce a 2019, sai da aka ci tarar Dallas Mavericks dala 750,000 a 2023 kan ajiye 'yan wasanta a wasan da take buƙatar ci. Muddin faɗuwa na ƙara dama ko da kaɗan ne, za a samu mai nemanta.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce wadda wani ɗalibi mai suna Adam Gold ya gabatar a 2012. Daga ranar da lissafi ya tabbatar ƙungiya ba za ta kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale ba, sai a fara ƙirga mata nasarorin da ta samu, wadda ta fi tarawa ita ke fara zaɓa. Mai rauni tana fita da wuri, don haka tana da wasanni masu yawa na tarawa, taimakon da Bert Bell ya nufa bai ɓace ba. Amma dole ta ci kafin ta samu. Gasar hokin ƙanƙara ta mata ta Amurka da Kanada, PWHL, ta fara aiki da shi a 2024. Na san akwai abin cewa. Wasa 17 kawai ake bugawa a NFL, saboda haka za a riƙa yin kunnen doki sosai, kuma ƙungiyar da ta mutu murus za ta iya sauka zuwa ta biyar ko ta shida. Na farkon ana iya warware shi da fifita wadda ta fi rauni a teburi. Na biyun kuwa, idan bambancin wanda aka fara ɗauka da mai bi masa bai wuce 52 da 48 ba, asarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma ƙungiyar da ba ta iya cin wasa ɗaya cikin biyar na ƙarshe ba ita ce ta fi cancanta a damƙa wa yaro mafi hazaƙa ba. A irin wannan tsari nasarar Lovie Smith da ta ɗaga Houston sama, kocin da ya riƙe 'yan wasansa suna fafatawa har ƙarshen Disamba da ya samu abin nunawa, mai kallo kuma da bai rabu biyu ba tsakanin son ƙungiyarsa yau da son ta gobe.

Sauya irin wannan doka yana buƙatar amincewar masu ƙungiyoyi 24 cikin 32, kuma kowannensu ya san wata rana shi ne zai ƙare a ƙarshen teburi yana neman abin da zai kare kansa da shi. Ba za su kawo maganar da kansu ba. Tashoshin talabijin da ke biyan biliyoyi suna nuna wasannin Disamba da rabin kujeru babu kowa suna da dalilin matsa musu, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ma tana da nata, tunda mambobinta ne ake sa wa su karya jiki a wasan da shugabanninsu ba sa son su ci. Yarjejeniyar da ke tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi za ta ƙare ne bayan kakar 2030, kuma a teburin sabunta ta ya kamata a ajiye wannan batu.